Idan akwatin ajiyarka ya cika: yadda nake sauya masa faya-fayai a Birnin Kebbi

Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cinye kusan GB 45 a awa guda. In kyamara biyu ce, aka yi awa shida ana ɗauka tsakanin kamu, ɗaurin aure da walima, rabin TB (TB ɗaya GB 1,000 ne) ya tafi ke nan a biki ɗaya, tun ba a zauna tacewa ba. Shi ya sa mu masu wannan sana'a ba ma jimawa akwatin ajiyarmu bai cika ba. Ina nufin ƙaramar sabar nan ta gida da ake kira NAS, ko Synology ce, ko QNAP, ko tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa TrueNAS, Unraid ko OpenMediaVault aka jera mata faya-fayan ajiya. Bidiyon biki da tafsirin azumi nake ɗauka a Birnin Kebbi, kuma abokan sana'a daga Jega, Argungu har Yauri sukan neme ni idan nasu ya fara kukan wuri. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan.

Zare tsohon faifai a tura sabo aikin minti biyar ne. Hatsarin yana cikin awoyin da ke biye, lokacin da akwatin yake cika sabon faifan da bayanai. A wannan tsakanin kariyarka ta ragu ko ta tafi baki ɗaya, tsofaffin faya-fayan suna aiki mafi nauyi da suka taɓa yi, ga zafin garinmu, ga wutar da ba ta sallama in za ta tafi. Duk shirin da zan zayyana saboda waɗannan awoyi ne.

Kafin ka kashe ko kwabo

Da zarar ajiyar ta kai kashi 80 cikin 100, fara shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka fara leƙa kwandon shara na kowace folda. A Synology sunansa #recycle, kuma na sha ganin mutumin da bai san cewa duk abin da ya goge tun ranar da ya sayi akwatin yana nan kwance yana cin wuri ba. Ka duba kwafin da akwatin ke ɗauka da kansa lokaci-lokaci, wanda a allo aka rubuta Snapshot, sannan fayilolin wucin gadi da Premiere ko DaVinci Resolve ke tarawa. Wani daga nan buƙatarsa take ɗagawa zuwa baɗi.

In ka share bai wadatar ba, sai ka buɗe shafin kula da ajiya ka karanta yadda aka haɗa faya-fayanka, domin shi zai gaya maka guda nawa za ka saya kafin ka ga ƙari.

Dabarar haɗa faya-fayai su kare juna ana kiranta RAID, sunan da wasu masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka raɗa mata a wata takarda ta 1988. RAID 1 faifai biyu ne masu ɗauke da abu iri ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya na nan. RAID 5 yana farawa daga faifai uku kuma yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 daga huɗu, yana jure biyu. RAID 0 kuwa ba shi da kariya ko kaɗan. In shi ne naka, kada ka zare komai. Kwashe kayanka zuwa wani wuri ka sake ginin daga tushe.

Ya kamata ka fahimci yadda RAID 5 ke dawo da abin da ya ɓace. Ɗauka faifai na farko yana riƙe da 3, na biyu 5, na uku kuma an rubuta masa jimlarsu, 8. In na biyu ya mutu, a debe 3 daga 8, 5 ta dawo. Ainihin lissafin ya bambanta da wannan, amma ma'anar ke nan. Kuma daga nan za ka gane cewa kafin a dawo da faifai ɗaya, sai an karanta sauran duka daga farko har ƙarshe, ba tsallake.

Wani dattijo mai hoto a Argungu, wanda ya fara sana'ar tun zamanin wankin fim, yana da faifai huɗu masu TB 4 a RAID 5, wato TB 12 na amfani. Ya sayi mai TB 8 guda ɗaya aka sa masa, aka kwana ana jira, da safe wurin yana nan yadda yake. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, mi yah hana wurin ƙaruwa? Kuɗina sun tahi, ban ga komi ba." Na ce, "Baba, ba cutarku aka yi ba. Wannan tsarin da mafi ƙanƙanta yake auna kowa. Mai takwas ɗin nan huɗu kawai ake amfani da shi, sai ranar da kuka sauya sauran ukun." Haka abin yake a RAID 1, 5 da 6 na gargajiya, haka kuma a rukuni ɗaya na ZFS, tsarin haɗa faya-fayai da TrueNAS ke amfani da shi: sai faifai na ƙarshe ya shiga. Huɗu masu TB 8 a RAID 5 za su ba ka TB 24.

Tsarin SHR, wato irin RAID na Synology mai karɓar faya-fayai masu girma daban-daban, ya fi sauƙi ga mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Lissafinsa: haɗa girman faya-fayan duka, ka debe mafi girma. Mai huɗu masu TB 4, in ya sauya ɗaya da TB 8, har yanzu 12 ne. In ya sauya biyu ya samu 16, uku 20, huɗu 24. Ke nan a SHR biyu-biyu ake fara saye. Unraid kuma nasa sharaɗin daban ne: faifan kariya ba zai gaza mafi girman faifan bayanai ba. In na kariyarka TB 4 ne ka sayo mai TB 8, sabon ne zai zama na kariya, tsohon ya sauko ya karɓi bayanai.

Kada ka yi faɗa da ɗan kasuwa in ka sa faifan TB 8 ka ga 7.27, ko TB 4 ka ga 3.63. Kamfanoni da dubu suke ƙirga, kwamfuta da 1,024. Sannan in akwatinka tsoho ne, duba iyakarsa kafin saye: tsofaffin samfuran Synology masu ƙwaƙwalwar bit 32 ba sa wuce TB 16 a ɓangaren ajiya ɗaya, faifan da aka tsara da MBR, tsohon tsarin raba faifai, kuma ba ya wuce kusan TB 2 sai an mayar da shi sabon tsarin GPT.

Irin faifan da za ka saya

A nan nake daɗewa da mutane, don a nan aka fi yin asara. Kamfanoni uku suka rage a duniya masu ƙera irin wannan faifai mai juyawa: Seagate, Western Digital da Toshiba. Kowannensu yana da samfurin da ya yi domin akwatin da ba a kashewa: IronWolf, WD Red Plus da N300. WD Purple da SkyHawk da suka cika shagunan masu sa kyamarar tsaro an yi su ne don ɗaukar bidiyon tsaro. Za su yi aiki in babu yadda aka iya, amma in farashin ya yi kusa, ni na akwati nake ɗauka.

Abu na farko da zan tambaya shi ne CMR ne ko SMR. A CMR kowane layin rubutu yana zaune a gefen ɗan'uwansa. A SMR layukan suna hawa kan juna kamar kwanon rufi: in za ka sauya falle ɗaya na tsakiya, sai ka ɗaga waɗanda ke kansa. Don ajiye abin da ba a taɓawa babu laifi. Amma lokacin sake gini, da ake zuba wa faifai rubutu awa da awoyi ba hutu, SMR yakan yi nauyi har akwatin ya zaci ya mutu ya fitar da shi daga jeri, wato rukunin faya-fayan da aka haɗa, musamman a ZFS. A 2020 aka gano cewa WD Red masu TB 2 zuwa 6 sun koma SMR ba tare da an rubuta a jiki ba, mutane suka yi ca, daga baya kamfanin ya ware masu CMR ya kira su Red Plus. Waɗancan faya-fayan har yau suna yawo a kasuwa. Lambar samfur ce za ta raba maka gardama: WD40EFAX SMR ne, WD40EFRX CMR. Kada ka tsaya a launin takarda. Sa a turo maka hoton lambar ka bincika a shafin kamfanin.

Na biyu, bakin da ake sa waya. Za ka ga manyan faya-fayai na hannu da araha har ka yi mamaki, ashe SAS ne da aka kwaso daga manyan sabobi. Faifan SAS ba ya aiki a akwatin SATA, wato bakin da yawancin akwatunan gida ke da shi. Tambaya kafin ka tura kuɗi.

Ba na hana mutum sayen na hannu, don na san yadda dala ta mayar da farashin sabo. Sharaɗina shi ne a karanta rahoton lafiyar faifan, wanda ake kira SMART. A Windows manhajar CrystalDiskInfo tana nunawa kyauta, a Linux kuma smartctl -a /dev/sda, ka sa harafin faifanka a wurin sda. Kowane layi a rahoton yana da lambarsa (ID); layi na 9 yana faɗin awoyin da faifan ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, sai ka raba ka ga shekarunsa. Layi na 5, 197 da 198 suna ƙirga tabon da ke jikinsa. In ɗaya daga cikinsu ba sifili ba ne, mayar wa mai shi. Layi na 199 in yana hawa, yawanci waya ce ba ta zauna ba, faifan lafiyarsa lau.

SMART ɗin ma ana iya goge shi. A farkon 2025 jaridar fasaha ta Heise a Jamus ta ba da rahoton tsofaffin faya-fayan Seagate da wasu 'yan damfara suka mayar da awoyinsu sifili suka sayar a matsayin sababbi. Abin da ya tona asirin wani kundi ne na biyu da ke cikin faifan, mai suna FARM. Da smartmontools 7.4 ko wanda ya fi shi sabunta, rubuta smartctl -l farm /dev/sda ka gwada awoyin da ke can da na layi na 9. In sun yi hannun riga, ka san abin da aka sayar maka. Ka kuma sa lambar siriyal a shafin garantin kamfani: IronWolf da Red Plus shekara 3 ne, masu Pro da Exos shekara 5.

Mu a nan yawanci daga Legas ko Kano ake turo mana ta tasha. Faifan da ya biyo hanyar Kontagora, Yauri da Jega a bayan mota ya sha jijjiga. Ka roƙi mai turowa ya bar shi a ledarsa ta asali, ya naɗe da soso ta kowane gefe, a kwali mai ƙarfi. In biyu ko fiye za ka saya, na fi son kada su zama 'yan kwali ɗaya masu lambobi a jere, don waɗanda aka ƙera tare sukan tsufa tare.

In ya iso, kada ka sa shi a jeri a ranar. Fara da dogon gwaji: smartctl -t long /dev/sda, ko maɓallin Extended Test a akwatin. Faifan TB 8 zai ci fiye da rabin yini. Na hannu kuwa ina ƙara masa badblocks -b 4096 -wsv, wanda ke rubuta kowane lungu ya karanta, yana ɗaukar kwanaki, kuma yana goge duk abin da ke kan faifan da ka nuna masa, don haka duba harafin sau biyu kafin ka danna. Faifan da hanya ta ji wa ciwo gara ya nuna halinsa a kan tebur, lokacin da babu abin kowa a cikinsa.

Wuta, zafi da kwafin ko-ta-kwana

Yi lissafin lokaci da kanka. Faifai mai juyawa yana rubuta kimanin MB 150 a daƙiƙa in an daidaita farkonsa da ƙarshensa. TB 8 ke nan kusan awa 15, in babu mai taɓa akwatin. In ana aiki a kansa ya fi haka nesa. Faifai huɗu, sau huɗu ke nan. Ka tambayi kanka: yaushe rabon da unguwarku ta yi awa 15 a jere da wuta?

Akwati mai faifai huɗu yana cin kamar watt 30 zuwa 40, kusan yunit ɗaya a yini. Ƙaramin UPS mai batir 12V 7Ah ba zai raka ka ko'ina ba; aikinsa ya riƙe tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, ko ya ba akwatin dama ya kashe kansa cikin tsari. Don haka ka sayi mai bakin USB, ka haɗa shi da akwatin, ka kunna zaɓin a saituna, sannan ka gwada ta hanyar zare filogi tun kafin ranar aiki. Abin da zai ɗauki nauyin shi ne inbata. Batir 12V 200Ah ɗaya, in ba ka zuƙe shi ƙasa da rabi ba, zai riƙe akwatin shi kaɗai kusan yini. Shi kaɗai fa na ce. A ranar, firij da dutsen guga su haƙura. mdadm, manhajar RAID ta Linux, da ZFS sukan ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta yanke, amma kowace yankewa da tashi wahala ce ga tsohon faifan da dukiyarka ta rataya a kansa.

Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a Kebbi, ba na fara wannan aiki sai dole, sai kuma a ɗaki mai sanyi. Ina so in ga faya-fayai ƙasa da digiri 45. In suka doshi 50 nakan kafa musu fanka a gaba in dakatar da duk wani aiki. Lokacin hunturu ya fi, sai dai ƙura. Kafin ka fara, kashe akwatin, fito da shi waje, riƙe fankar bayansa da yatsa don kada ta yi ta juyawa, ka hura. Jar ƙurar da za ta fito daga tsakanin faya-fayan ita ce take toshe musu iska duk shekara. Da damina kuma, in hadari ya haɗu da tsawa, ka ɗage zuwa gobe.

Sai babban sharaɗi, wanda in babu shi ba na sa hannu a akwatin kowa: kwafi na biyu a wajen akwatin. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai, ba ya kare ka daga gogewa bisa kuskure, ko tsawa, ko ɓarawo, ko faifai na biyu da ya mutu ana tsakiyar gini. In ba ka da inda za ka kwafe komai, zaɓi abin da ba ya dawowa: aikin da ba ka miƙa ba tukuna, ainihin bidiyon da aka ɗauka, takardun gida. Bikin mutane ba a sake shi. Bayan ka kwafe, buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin ka tabbatar suna wasa har ƙarshe.

Abu na ƙarshe kafin sauyi: sa akwatin ya tantance kansa. A Synology Data Scrubbing ne, a ZFS zpool scrub. Zai karanta komai ya gyara abin da ya samu tun kariya tana cike. Dalili kuwa, takardun yawancin faya-fayan gida suna cewa ana iya samun kuskuren karatu har ɗaya a cikin kimanin TB 12.5, alhali sake gina RAID 5 mai faifai huɗu na TB 8 yana buƙatar karanta TB 24. A zahiri faya-fayai sun fi abin da takarda ta faɗa kyau, amma wannan lissafi ne ya sa duk wanda zai wuce TB 8 a gurbi huɗu ko fiye nake ba shi shawarar kariya biyu: RAID 6, SHR-2 ko RAIDZ2. Wurin da zai rasa bai kai kwanciyar hankalin da zai samu ba.

Ranar sauyi

Zaɓi makon da ba ka da aikin miƙawa. Buɗe shafin faya-fayai ka rubuta lambobi huɗu na ƙarshen siriyal ɗin kowanne da gurbin da yake. Ni farin salatif nake mannawa a goshin kowane tire in rubuta da biro. Wannan ya fi muhimmanci ga mai kwamfutar da ya haɗa da kansa, domin sda na yau yana iya zama sdb gobe. In ka zare wanda ba shi ba a RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya, jerin ya faɗi.

Fara da faifan da SMART ya nuna ya fi gajiya, in duk lafiya suke kuma mafi ƙanƙanta.

In kana da gurbi ko bakin SATA da babu kowa, yi amfani da shi, kada ka zare tsohon. Sa sabon a gurbin, ka ce a maye. A DSM 7, manhajar akwatin Synology, zaɓin Replace Drive ne a Storage Manager. A ZFS, zpool replace, sai sunan jerin, tsohon faifai, sabon faifai. A mdadm, ka ƙara sabon da --add, sannan --replace tsohon --with sabon. Ta wannan hanya tsohon yana nan yana tsaron wurinsa har a gama kwafe shi, kariyarka ba ta taɓa sauka ba. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, kuma ita ce hanya mafi aminci da na sani.

In babu gurbi, sai a bi ta zarewa. A Synology ka zaɓi faifan ka danna Deactivate Drive. Akwatin zai fara ƙara, fitilar gaba ta koma ruwan lemo. Kada gabanka ya faɗi, haka ya kamata. In samfurinka ba ya yarda da zarewa a kunne, irin su DS223j, kashe shi tukuna. In yana yarda, ja tiren kaɗan ka dakata kamar rabin minti, za ka ji juyawar tana mutuwa a tafin hannunka, sannan ka fito da shi. Taɓa ƙarfe kafin ka riƙe sabon, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki, kuma ta gefe ake riƙewa, ba ta koren allon ƙasa ba. Ɗaure shi a tire, tura har ya zauna, ka danna Repair.

Daga nan sai haƙuri. Dakatar da duk wani aikin da akwatin ke yi da kansa da dare, ka hana yaran shago tace bidiyo daga kansa, kada a matsar da teburin. Kana iya bin ci gaban a allo, ko da zpool status, ko cat /proc/mdstat. Ƙarar da ta dace ita ce gurnani mai ɗorewa. In ka ji ƙwas-ƙwas mai maimaituwa, ko adadin ya tsaya cak awa da awoyi, kada ka kashe ka kunna. Duba SMART na sauran faya-fayan, ka fara kwashe duk abin da ba ka da kwafinsa.

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa tambayata, "Yaya, tunda biyu muka saya, me zai hana mu sa su lokaci ɗaya mu huta?" Na ce masa sauri ya haifi nawa. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma ba a taɓa na gaba sai allo ya nuna jerin ya koma lafiya, fitila ta koma kore. Tsohon da ka zare kuwa ka rubuta masa kwanan wata da gurbinsa ka ajiye, kada ka goge. In RAID 1 ne, cikakken kwafin kayanka ne na wannan ranar.

Bayan na ƙarshe ya gama, Synology yakan faɗaɗa da kansa in ɓangaren ajiya ɗaya ne. In sun fi ɗaya, shiga saitunan ɓangaren ka ƙara masa. A ZFS ka sa zpool set autoexpand=on tun kafin ka fara, in ka manta kuma zpool online -e zai gyara, TrueNAS ma yana da maɓallin Expand. A mdadm matakai biyu ne: mdadm --grow /dev/md0 --size=max, sannan resize2fs in tsarin fayilolinka ext4 ne, ko xfs_growfs in XFS ne. Ka sake tantancewa sau ɗaya, ka buɗe tsofaffin ayyuka da sababbi ka gani da idonka.

In ƙari za ka yi, ba sauyi ba

Mai gurbin da ba kowa yana iya ƙara faifai kawai: uku masu TB 4 a RAID 5 suna ba da 8, na huɗu ya kai su 12. Sai dai wannan ya fi sauyi daɗewa, domin ana sake shimfiɗa bayanan duka a kan faya-fayan, kuma a nan ne yankewar wuta ta fi muni. ZFS ya daɗe ba ya yarda a ƙara faifai ɗaya a RAIDZ, wato irin RAID ɗinsa. Damar ta zo a TrueNAS 24.10 a Oktoban 2024 da OpenZFS 2.3 a Janairun 2025. Mai Synology da gurabensa suka ƙare yana iya haɗa akwatin ƙari irin DX517 mai gurbi biyar in samfurinsa yana karɓa, amma na fi son a yi masa jerinsa daban, don waya ɗaya ce tsakaninsu. Mai kwamfutar haɗi kuma kati irin LSI 9211-8i zai ba shi baki takwas, sai dai ya duba na'urar ba da wutarsa, domin kowane faifai yana jan kusan amfiya 2 a layin 12V lokacin tashi.

In kuwa faya-fayan duka huɗu sun tsufa kuma duka za a sauya, ni ba na son gini huɗu a jere a kansu. In da hali, a haɗa sabon jeri daban, a kwafe ta wayar sadarwa. Layin gigabit yana kai kusan MB 110 a daƙiƙa, TB ɗaya cikin awa biyu da rabi, TB 10 kusan awa 25. Tsohon jerin sau ɗaya kawai za a karanta shi, in wuta ta yanke manhajar kwafe fayiloli ta rsync za ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma kayanka suna wuri biyu har a gama.

Tsofaffin faya-fayan da SMART ya wanke, bayan sabon jerin ya yi 'yan makonni lafiya, ka saya musu mazaunin USB su zama kwafin ko-ta-kwana, ka ajiye ɗaya a wani gida daban cikin leda da kwali, nesa da rana, kana kunna shi bayan 'yan watanni. Wanda za ka sayar ko ka bayar, ka tuna hotunan matan mutane da amarensu ne a ciki, kuma gogewar sauri ba ta cire su. Ana dawo da su da manhajar kyauta. Ka rubuce faifan gaba ɗaya da shred -n 1 -v ko zaɓin Secure Erase. Wanda ya lalace har ba ya karɓar rubutu, kwance shi ka huda faranten ciki da na'urar huda ƙarfe kafin ka ba 'yan gwangwan.